Abin da ke sa taki ya ƙona shuka: darasi daga Gombe

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Gombe da hantsi ya ga masu kayan miya suna yayyafa wa alayyahu da latas ruwa, ganyen da ya yi yaushi kuma ya sake miƙewa. Dalili shi ne, kowace ƙwayar halittar ganye tana lulluɓe da siririn tantani da ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, amma yake tare yawancin gishiri da sukari. Ruwa kan ratsa tantanin ne ya nufi ɓangaren da narkakkun sinadarai suka fi yawa. Wannan shi masana kimiyya ke kira osmosis.

Ƙa'idar nan kuwa takan juya wa manomi baya. A Dadin Kowa, inda aka kammala madatsar ruwa kan kogin Gongola a 1984, noman rani ya dogara da takin zamani. Idan aka tula taki a gindin tumatir alhali ƙasa ba ta da danshi, ɗan ruwan da ke ƙasar zai fi na cikin saiwa gishiri. Sai ruwa ya fice daga saiwar, shuka ta yanƙwane, bakin ganyenta ya ƙone.

Saboda haka, ma'aikacin da ke tsakurar albashinsa a Abuja yana aika kuɗin taki gida, ya kamata ya tambayi yadda ake zuba shi. A raba shi sau biyu ko uku, a binne ɗan nesa da gindin shuka, sannan a bi da ban ruwa.