Dutsen Zinariya Da Ƙurar Dalma: Abin Da Mutanen Bagega Suka Auna

A cikin watan Disamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage hanin da ta ɗora a kan haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ministan ma'adinai, Dele Alake, shi ya yi shelar. Wannan labari bai tsaya ga Zamfarawa kaɗai ba. Gobirawan Isa da Sabon Birni, ko da yake Sakkwato suke bi, iyakarsu ɗaya da Shinkafi, kuma hanyar da ke kai kayansu Ƙauran Namoda da Gusau ita ce ke kai samarinsu cin rani. Duk abin da aka buɗe a kudu, ƙurarsa takan iso arewa.

Ƙasar Gobir dai yashi ce da laka, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har masana duwatsu suka sa wa shimfiɗar ƙasa-ƙasa ta kwarin Sakkwato sunan Gundumi. Irin wannan ƙasa ba ita ce gidan zinariya ba. Zinariya tana cikin tsofaffin duwatsun Anka da Maru. Amma kwarin Sakkwato yana da nasa: dutsen siminti a Kalambaina, inda aka kafa kamfani a 1962, da dutsen takin zamani a wajajen Dange da Shuni. Saboda haka ranar da baƙo zai sauka ƙofar hakimi da takarda a hannu, yana neman izinin tona daji, ba rana ce da wani gari zai rantse ba za ta zo masa ba. Ya kamata a san yadda waɗanda ta riga ta zo wa suka yi awonsu.

Farkon abin da za a sani, mutanen gari ba su ne masu abin da ke ƙarƙashin gonarsu ba. Malamai ba za su yi mamakin wannan ba, domin sananne ne a Muhtasar na Halil cewa hukuncin ma'adini yana hannun shugaba, ko da an same shi a ƙasar wani mutum ayyananne, in ban da ƙasar mutanen da aka yi sulhu da su. Sahnunu ya saɓa, ya bai wa mai ƙasa, amma ba maganarsa ce mashahuriya ba. Dokar Nijeriya ta bi ta wata hanya ta faɗa wuri guda: tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ma'adinai, kuma daga Abuja ake ba da lasin. Har dokar ta fifita aikin haƙa a kan sauran amfanin da ake yi da ƙasa. Watau ke nan abin da ya rage a hannun talaka shi ne bisa: gona, da rijiya, da burtali, da maƙabarta, da 'ya'yan da ke rarrafe a tsakar gida. Su ne yake ɗorawa a mizani.

Bagega ƙauye ne babba a ƙasar Anka. Turawa sun taɓa haƙar zinariya a wannan yanki tun shekarun 1930, aikin ya mutu a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, manoma suka ci gaba da gero da dawa. Da farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta wuce dala 1,200 a 2010, sai mutane suka koma ramuka. Ba kamfani ya kai su ba, talauci ya kai su. Mutum ya fasa dutse a daji, ya ɗauko a buhu ya kawo gida, mata su daka a turmi, ko a zuba a injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin a bakin tafki, a kama zinariyar da zaiba, a ƙona. Abin da mai haƙa kan samu a 'yan kwanaki, noman damina ba ya ba shi a watanni. Aka sayi babura, aka yi rufin kwano, aka yi aure. Wanda ya raina wannan riba bai taɓa ganin rumbunsa wayam a watan bakwai ba.

Abin da ba su sani ba, dutsen nan cike yake da dalma. Ɗan'uwan dutsen tozali ne, wanda fatake suka sani tun kaka da kakanni. In an niƙa shi a bushe, ƙura takan sauka a daɓe, da ƙwarya, da tabarma. Babba yakan jure ta wani lokaci. Yaro ƙarami kuwa, mai sa hannu a ƙasa ya kai baki, cikinsa yana shan dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba, ita kuma ta zarce ƙwaƙwalwa. Sai amai, sai farfaɗiya, sai suma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ke yawon duba sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ga shi kuwa maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba su yi kome ba. Da aka gwada jini sai gaskiya ta fito. Yaran da suka rasu sun kai 400, Allah ya jiƙansu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jiki. An auna ƙasar wasu gidaje an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin ƙa'idar Amurka ga wurin zaman mutane 400 ce.

A nan ne awon ya yi ɗaci. Masu bincike sun ba da labarin cewa a wasu ƙauyuka mutane sun ɓoye yawan mace-macen, don tsoron kada hukuma ta ji ta rufe ramuka. Mai karatu kada ya yi gaggawar zaginsu. Uban da ya binne ɗa ɗaya yana da biyar masu neman tuwo, kuma ya san in an rufe rami ba wanda zai zo masa da buhun gero. An tilasta masa ya zaɓa tsakanin yunwa da guba, da ido rufe, domin ba wanda ya gaya masa abin da ke cikin dutsen kafin ya kai shi ɗakin matarsa. Laifin da ya fi girma ba nasa ba ne. Na wanda ya sani ne, ko ya kamata ya sani, bai faɗa ba: mai sayen zinariyar, da mai ba da bashin inji, da ma'aikacin da aka ɗauka don duba irin wannan aiki.

Da aka gane, ba hani daga nesa ya fara yin magani ba. Sarakuna da masu gari ne suka umurci a fitar da injuna da turame daga cikin gidaje, a koma bayan gari, aka kuwa bi. Sa'an nan aka shiga kankare ƙasar gidaje, a kwashe ta sama a binne a rami mai nisa, a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011, cikinsu har da Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Sunke. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. Likitoci ba su iya fara wa yaranta magani ba, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma gida mai guba ya koma inda ya fito. Yara wajen 1,500 suka yi ta jira har farkon 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin bayan matsin masu fafutuka. Darasin bai yi nisa ba: a 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Nauyi na biyu a mizanin shi ne tsaro, kuma ba sai an yi wa mutanen Isa da Sabon Birni dogon bayani ba. Hujjar da hukuma ta kafa ranar da ta hana haƙa a watan Afrilu na 2019 ita ce alaƙa tsakanin ramuka da 'yan bindiga. Hanin bai kori ɓarayi daga daji ba. Na uku shi ne ran mai haƙar kansa. A ƙetaren iyaka, a Ɗan Isa ta Jihar Maraɗi, jama'a sun yi ca a kan zinariya a 2021, ranar 7 ga Nuwamba rami ya rufta a kan mutum 18.

To, in kamfani ne ya zo da lasin, ba talakawa da diga ba, mene ne a hannun gari? Akwai ƙofofi a cikin dokar 2007 waɗanda mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Sashe na 100 ya ce sai an sanar da mai ƙasa ko mazauninta, an sami yardarsa, in ba haka ba a cire ƙasarsa daga lasin. Sashe na 116 ya wajabta wa mai haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, a riƙa sake duba ta bayan kowace shekara biyar. Akwai diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, akwai kariya ga wuraren da jama'a ke girmamawa, akwai wajibcin gyara ƙasa bayan an gama. Har dokar ta bar wa mutane al'adarsu ta ɗibar gishiri da kanwa da tozali a inda suka saba. Mai karatun hadisi zai tuna da gishirin Ma'arib, wanda aka yanka wa Abyadu ɗan Hammali, sa'an nan aka karɓe da aka ce abu ne kamar ruwa mai gudana, na kowa da kowa.

Amma ƙarfin waɗannan ƙofofi yana gabanin sa hannu ne. Takardar yarda da mutum ɗaya ya dangwala wa yatsa a ɗakin baƙi, da Turancin da ba wanda ya fassara masa, ta ɗaure gari duka. Abin da ya faru a Anka ya nuna tambayoyin da ya kamata a fara yi, tun kafin a zo ga maganar makaranta da rijiyar burtsatse: me ke cikin dutsen ban da abin da ake nema, wa ya gwada, ina sakamakon? A ina za a niƙa, da ruwa ko a bushe, ina iska za ta kai ƙurar, ina ruwan wanki zai gangara? Wa zai biya gwajin jinin yara, kuma wa zai cike rami ranar da kamfani ya naɗe kayansa? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya da makiyaya. Waɗannan iyakoki su ne ya dace a zana a takardar da sunayensu, a karanta da Hausa a bainar jama'a, makiyayi yana nan, mata kuma an ji ta bakinsu, tun da a Bagega su ne suka daka dutsen kuma su ne suka yi jinyar.

Aikin malami a nan shi ne wanda ya saba: rubutu da shaida, da ƙin sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Falke kuma da ke sayen zinariya ya san zakkar ma'adini, rubu'in ushiri ranar da aka fitar in ta kai miskali 20, ba jiran shekara. Ya kamata ya ƙara da sanin inda aka niƙa abin da yake ɗorawa a sikelinsa. Ƙungiyar MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Zamfara a 2022, bayan kusan shekara 12 tana jinyar yaran Anka.