Ƙofar baya a wayarku: ku rufe ta yau

Jama'ar Zogbeli, a cikin kowace wayar Android akwai wata ƙofar baya da ake kira ADB. Google ce ta yi ta domin masu ƙera manhaja. Sukan haɗa waya da kwamfuta, su sa manhajar gwaji irin Appium ta riƙa latsa allo tana rubutu ba tare da hannun mutum ba. Aikinsu ne, kuma a wayoyin gwaji suke yi, waɗanda babu ko sisin kowa a ciki. Su kansu masu Appium sun kulle umarnin da ke kutsawa can ciki, sai mai gwaji ya buɗe da gangan.

To, ƙofar nan ta fito kasuwa. Ka kai waya gyara, ko a kwafe maka hotuna, yaron shago ya latsa "Build number" sau bakwai, ya kunna "USB debugging", ya soka waya a kwamfutarsa. Saƙo ya fito yana neman izini, shi ya amsa da yatsansa, har ya zaɓi a amince da kwamfutar kullum. Ya miƙo maka: "Alhaji, an gama." Ba a gama ba. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne, mantuwa ce da gaggawa, amma wa ya san abin da ke cikin kwamfutar shagon? Wanda ya shiga ta nan zai iya dasa manhaja a ɓoye, ya ɗauki hoton allo, ya latsa duk abin da yatsanka ke latsawa. Kuma tun da MTN ta kawo asusun kuɗin waya na MoMo Ghana a 2009, jarin mai koko da na ɗan kasuwar Aboabo duk a waya suke kwana.

Ba tatsuniya ba ce. A Fabrairun 2018 masu bincike na kamfanin Qihoo 360 sun gano ƙwayar cutar ADB.Miner, wadda ta bi ta wannan ƙofa a intanet ta kama dubban wayoyi da akwatunan talabijin, akasari a Sin da Koriya ta Kudu, tana haƙar kuɗin intanet na Monero. Irin akwatunan nan masu araha muke saye.

Ku shiga "Developer options", ku soke izinin kwamfutocin da aka amince da su, ku kashe "USB debugging" da "Developer options" ɗin gaba ɗaya. Kafin ku miƙa waya gyara ku cire sim, lambar sirrin MoMo kuwa ko ɗan ɗakinku ne mai gyaran kada ya ji ta. Wanda aka riga aka cuta ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.