Ƙaramar Mujiya, Abokiyar Manomi

Manoman Magarya da Dungas, mu san wata ƴar mujiya da ke zaune a itatuwan gonakinmu. Tsawonta kamar santimita 20 ne, ba ta ma kai kurciya ba. Jikinta ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon fari, idanunta rawaya.

A ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo guda 2 masu kama da idanu. Wanda ya zo mata ta baya sai ya zaci kallonsa take yi.

Ita wannan mujiya har da rana tana farauta. In muka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a kan itace suna ta hayaniya, sau da yawa ita suka gani. Abincinta fara ne, da ɓeraye, da ƙadangaru, da ƙananan tsuntsaye. Ke nan masu ɓarnar hatsinmu suna cikin abin da take ci.

Ba ta yin sheƙa. A kogon itace take saka ƙwai, daga 2 zuwa 4. Inda babu manyan itatuwa, babu ita.

Tun bayan farin 1984, manoman yankinmu suka raya gawo mai yawa a gonaki. Amma sai itace ya manyanta yake yin kogo. Saboda haka kada mu sare tsohon itace don ya yi rami.

Wasu sun ce kukan mujiya mugun abu ne. Wannan camfi ne. Mu hana yaranmu jifarta. Mai gadin da ba ya neman lada, ai ba a korarsa.