Kamfanonin Manhaja da Koken Masu Amfani da Kayansu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana shigar da lambobin waya cikin manhajar Excel ya san wannan ciwon kai. Malamin makaranta ne, a ce, yana haɗa jerin lambobin iyayen yara. Ya rubuta lamba mai farawa da 080, ya danna, sai ya ga sifirin farko ya yi ɓatan dabo. Ya sake rubutawa, ya sake ɓacewa. Manhajar ta ɗauki abin a matsayin adadin lissafi, kuma a lissafi sifirin da ke gaban lamba ba shi da aiki, don haka ta share shi ba tare da ta tambayi kowa ba.

Irin wannan karambanin ya daɗe yana yi wa masana kimiyya ɓarna. Akwai ƙwayoyin gado na jikin ɗan'adam da ake taƙaita sunayensu da SEPT2 da MARCH1. Da zarar an rubuta su a Excel, sai ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Tun shekarar 2004 masu bincike suka fara kokawa a rubuce. A 2016 wasu masana a Ostareliya suka duba dubban maƙalolin kimiyya, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka haɗa da jerin sunayen ƙwayoyin a Excel suna ɗauke da wannan kuskure. Da jira ya ishe su, a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gado suna ya sanar da sauya sunayen wasunsu: SEPT2 ya koma SEPTIN2, MARCH1 ya koma MARCHF1. Wato kimiyya ce ta kauce wa manhaja hanya. Sai a watan Oktoba na 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da wurin da mutum zai kashe wannan sauyi da kansa, har da na cire sifiri.

Shekara goma sha tara kenan tsakanin kuka da share hawaye. Wannan labari ya isa ya sa mutum ya tambaya: shin kamfanonin nan suna sauraron jama'a kuwa?

Tela da riga ɗaya tak

Amsar ita ce suna sauraro, amma ba irin sauraron da tela yake yi wa mai ɗinki ba. Idan ka kai shadda wajen tela ka ce a faɗaɗa hannu, a ƙara aljihu, zai yi, domin rigar taka ce kai kaɗai. Kamfanin manhaja kuwa riga ɗaya yake ɗinkawa, miliyoyin mutane su sa ta a lokaci guda. Aljihun da ya ƙara maka, ya ƙara wa kowa, har da wanda ba ya so.

Koke yana isa kamfani ta ƙofofi da yawa: saƙon da aka aika daga cikin manhajar, sharhin da ake rubutawa a Play Store ko App Store, ƙorafin da ake kai wa ma'aikatan kula da abokan ciniki, da surutun dandalin sada zumunta. Ana tattara su a rumbu guda, a haɗe masu kama da juna. Daga nan akwai jami'in da aikinsa shi ne jera ayyukan da injiniyoyi za su yi a watanni masu zuwa. Shi ne yake auna kowace buƙata: mutum nawa ta shafa? Wata nawa za ta ci? Me za a ajiye domin a yi ta? Me za ta iya lalatawa?

Tambayar ƙarshe ita ce wadda mai amfani bai cika tunawa da ita ba. Har yau Excel tana lissafa 29 ga Fabrairun 1900 a matsayin rana ta gaske, alhali babu wannan rana a kalanda. Kuskure ne da aka kwafo da gangan daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3 domin takardun mutane su ci gaba da buɗuwa daidai. Microsoft ya san da shi, ya kuma bayyana cewa gyara shi zai gurɓata ranakun da ke cikin ɗimbin takardun da aka riga aka adana. Gudun kada garin gyaran gira a rasa ido, sai aka bar shi. Ban da haka, duk sabon maɓalli nauyi ne na dindindin: sai an gwada shi a kowace irin waya, an fassara shi zuwa harsuna, an ci gaba da kula da shi shekara da shekaru.

Lokacin da kuka ya yi amfani

A watan Oktoba na 2012 Microsoft ya fitar da Windows 8 babu maɓallin Start, wanda mutane suka saba da shi a kusurwar hagu ta ƙasan allo tun 1995. Kamfanin ya hango cewa duniya ta koma allon shafawa da yatsa. Amma ma'aikacin ofis mai linzamin kwamfuta a hannu ya rasa inda zai kama. Ƙorafi ya yi yawa, manyan kamfanoni da dama kuma suka ƙi barin Windows 7. Bayan shekara guda aka dawo da maɓallin a Windows 8.1, sannan a Yulin 2015 cikakken jerin manhajojin da maɓallin yake buɗewa ya dawo a Windows 10. Kafin nan, a 2014, kamfanin ya buɗe shirin Windows Insider, inda masu sa kai suke gwada sabon tsari su faɗi ra'ayinsu tun bai fita kasuwa ba. A lura da kyau: surutu kaɗai bai yi wannan aiki ba, surutu ne da ya haɗu da ƙin saye.

Wani lokaci ma jama'a ba sa jira, su suke ƙirƙirar abin da kansu. A watan Agusta na 2007 wani mai amfani da Twitter, Chris Messina, ya ba da shawarar a riƙa sa alamar # gaban kalma domin a tara zance ɗaya wuri guda. Kamfanin bai ɗauki abin da muhimmanci ba da farko. Mutane suka ci gaba da yi, har a 2009 Twitter ya mayar da alamar mahaɗin da ake dannawa. Haka ma sake yaɗa saƙon wani: da hannu mutane suke kwafa, su rubuta RT a gabansa, kafin a yi masa maɓalli a wannan shekarar. Buƙatar da aka ga dubban mutane suna wahalar biya wa kansu ta fi wadda aka rubuto a wasiƙa ƙarfi, domin ta zo da shaidarta.

Ka nemi wani abu, a ba ka ɗan'uwansa

Akwai kuma inda kamfani yake jin koken, amma ya ba da maganin da shi ya ga dama. Tun da Facebook ya kawo maɓallin nuna so a 2009, mutane suke roƙon a yi na ƙi. Dalilinsu a fili yake. Mutum ya sanar da rasuwar mahaifinsa, abokansa suna son su nuna sun gani, sun kuma taya shi jimami, amma babu abin dannawa sai ɗan yatsan da ke nuna an ji daɗi. Kamfanin ya yi gudun kada maɓallin ƙi ya zama sandar dukan juna. A Fabrairun 2016 sai ya fitar da wasu alamomi biyar: ƙauna, dariya, mamaki, baƙin ciki da fushi. Abin da aka roƙa bai samu ba, amma matsalar mai ta'aziyya ta kau.

Wannan shi ne tunanin da ya fi yawa a tsakanin masu tsara manhaja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ne ya san yadda ake gyaran rufi ba. Don haka suna ɗaukar buƙata kamar yadda likita yake ɗaukar bayanin majiyyaci: ya saurari inda ke ciwo da kyau, amma ba majiyyacin ne zai rubuta wa kansa magani ba.

Lokacin da aka yi kunnen uwar shegu

A watan Satumba na 2006 Facebook ya ƙirƙiro shafin da ke jero wa mutum abin da abokansa suka yi. Dubban ɗaruruwan ɗalibai suka shiga ƙungiyoyin adawa da shi, suna cewa tonon asiri ne. Shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ba da haƙuri, ya ƙara hanyoyin ɓoye bayanai, amma bai cire shafin ba. Abin dariyar shi ne, ta wannan shafin ne labarin adawar ya bazu cikin sauri. Kamfanin yana jin abin da baki yake faɗa, yana kuma ganin abin da yatsa yake yi. Idan biyun suka saɓa, yatsa yake gaskatawa.

A 2013 Google ya sanar da rufe Google Reader, manhajar da ke tara wa mutum labarai daga shafuka daban-daban. Sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke. Kamfanin ya ce masu amfani da ita sun ragu, ya kuma rufe ta ranar 1 ga Yuli kamar yadda ya tsara.

Nan ne batun kuɗi yake shigowa. A manhajar da ake saya, musamman wadda bankuna da manyan kamfanoni suke biya wa dubban ma'aikata, buƙatar babban abokin ciniki guda tana iya tsallake layi. A manhajar kyauta kuwa, mai talla ne yake biyan kuɗin, don haka abin da zai ƙara wa mutane zama a kan allo shi ke samun gaba. Maɓallin gyara rubutu da aka yi shekaru ana roƙon Twitter, da ya zo a 2022, masu biyan kuɗin wata aka fara ba.

Inda roƙo ya gaza, wani lokaci doka takan yi aiki. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ƙarfafa 'yancin mutum na karɓar kwafin bayanansa da neman a goge su. A Maris na 2024 wata dokar ta Tarayyar ta sa Apple ya bar masu iPhone a ƙasashenta su sauke manhaja daga wasu shagunan da ba nasa ba. Akwai kuma hanya ta uku a manhajojin da rubutun gininsu yake buɗe ga kowa. A can, idan shugabanni suka ƙi ji, masu iyawa sukan kwashi kwafi su kafa nasu. Haka LibreOffice ta samo asali daga OpenOffice a 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai OpenOffice ɗin.

Ina mai Hausa a wannan layi?

Ma'aunin nan na yawan jama'a da ƙarfin aljihu ya shafe mu kai tsaye. Sai a Disambar 2013 Hausa ta shiga Google Translate, Facebook kuma ya sa ta cikin harsunansa a 2016. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun daɗe cikin kundin haruffan kwamfuta na duniya, kuma akwai allon rubutun Hausa a wayoyin zamani. Amma da yawa daga cikinmu a Ingilishi ko Faransanci muke barin wayoyinmu, mu rubuta "kasa" muna nufin ƙasa. Kamfanin da ke duba alƙaluma a ofishinsa ba ya ganin miliyoyin Hausawa, masu Ingilishi da Faransanci yake gani. Wanda ya saita wayarsa a Hausa ya kaɗa ƙuri'ar da ake ƙirgawa kullum, ko bai rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Idan kuma za a rubuta koken, akwai yadda yake fin tasiri. A bayyana matsalar kafin a kawo shawara. A faɗi irin wayar, da abin da aka danna, da abin da ya faru. A duba ko wani ya riga ya kai irin wannan ƙorafi, a ƙara murya a kansa, domin koke guda mai goyon bayan mutum dubu ya fi koke dubu a warwatse. "Manhajarku ba ta da kyau" ba ya ba injiniya abin kamawa. "Idan na rubuta lambar waya mai farawa da sifiri, sifirin yana ɓacewa" kuwa aiki ne da za a iya ɗora wa wani ranar Litinin da safe, ko da sai bayan shekaru layi zai zo kansa.