Abin da ke Sa Ƙadangare Gudu Yana Tsayawa

Duk wanda ya zauna a Bantama ya san ƙadangare. Yana kan katanga, yana bakin kwata, jan-gwada kuwa sai ya hau bulo ya yi ta gyaɗa kai kamar shi ne mai unguwa. Amma ko mai karatu ya lura cewa ba ya dogon gudu? Sai ya zabura kamar kibiya, ya tsaya cik, ya huta, sa'an nan ya sake. Dalilin yana cikin jininsa.

Iskar oksijin da muke shaƙa, jini ne ke kai ta ga gaɓoɓi, cikin wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini mai suna himogulobin. Kowane giram ɗaya nasa yana riƙe kimanin mililita 1.34 na oksijin. Lafiyayyen magidanci yana da kamar giram 15 a cikin mililita 100 na jini, wato yana ɗauke da oksijin mililita 20 ke nan. Jinin yawancin ƙadangaru kuwa wajen rabin haka yake ɗauka. Ƙwayoyinsa manya ne, masu siffar ƙwai, amma ba su da yawa.

Ga kuma wata matsala da David Carrier, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a 1987: naman haƙarƙarin da ƙadangare ke lanƙwasa jiki da shi a guje, da shi kuma yake numfashi. Saboda haka gudunsa na bashi ne, idan ya tsaya ya biya. Damo ne ya sami mafita, domin a 1999 an gano yana tura iska cikin huhu da maƙogwaro ko yana tafe.

Duk da haka ƙadangare ba majinyaci ba ne. Rana ce ke ɗumama masa jiki, shi ya sa yake shan hantsi, kuma oksijin da yake bukata bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa ke bukata ba.

Mu ba haka muke ba. Wannan rabin da ya wadaci ƙadangare daidai yake da himogulobin giram 7 zuwa 8, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ya gaza giram 7 yana cikin matsanancin ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da rashin sinadarin ƙarfe a abinci su ne kan kai mutanenmu can. Abin takaici, yaron da ya ɗan yi gudu ya tsaya yana haki, sau da yawa rago ake ce masa. A duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa; in sun yi fari, a kai shi awon jini, ko a asibitin unguwa ko a Komfo Anokye, wanda muke kira Gee.