Daga Ƙoƙi Zuwa Sabon Gari: Inda Taro da Sisi Ke Zama Asusu

Shirinmu na musamman na yau daga cikin birnin Kano zai tashi, daga unguwar Ƙoƙi, sai dai ba a can zai yada zango ba.

Yaron da ya tashi a Ƙoƙi ba sai an koya masa yadda ake alheri ba, da idonsa yake gani. Unguwar fatake ce, wadda sunanta ba ya rabuwa da zuri'ar Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro daga Gwanja kafin ya rungumi cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955. Jikarsa, Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, mahaifiyar Aliko Ɗangote, ta shahara da tukunyar da ba ta sauka daga murhu, ana dafawa ana raba wa mabuƙata. Da ɗan Alhassan, Alhaji Aminu Ɗantata, ya rasu a watan Yunin 2025, yawancin masu ta'aziyya ba lissafin kamfanoninsa suka riƙa yi ba, labarin waɗanda ya rufa wa asiri suka riƙa bayarwa. Haka Ƙoƙi ta san bayarwa: gida babba, ƙofa a buɗe, hannu ɗaya mai ƙarfi yana ciyar da bakuna masu yawa.

To, mutum ya fita ta Ƙofar Wambai, ya ratsa Kantin Kwari da Fagge, cikin 'yan mintoci A Daidaita Sahu zai sauke shi a Sabon Gari. A can akwai wani tsarin bayarwar daban, wanda mutanen cikin ganuwa da yawa ba su taɓa leƙa yadda yake tafiya ba, duk da cewa masu yin sa abokan cinikinsu ne na yau da kullum: mai sayar da kayan gyaran mota, da mai kemis, da telar da ke sayen atamfa a Kwari. Tsarin mabiya ɗarikar Katolika ke nan.

Babu coci a cikin ganuwa, kuma tarihi ne ya tsara hakan. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, sai Turawan mulki suka keɓe musu Sabon Gari. A nan 'yan Katolika suka fara kafa ƙafa. Shekara da shekaru suna ƙarƙashin Kaduna, sai a 1991 aka yanke musu nasu yankin, a 1999 kuma Kano ta zama cikakkiyar dayosis mai bishop nata. Tun 2008 Bishop John Namaza Niyiring ne ke riƙe da ita, babbar majami'arsa kuwa ita ce Our Lady of Fatima. A ƙarƙashin dayosis ne ake samun abin da suke kira faris, wato coci guda da limaminta, wanda kowa ke ce wa Fada, da dukan iyalan da ke ibada a cikinta. A nan ne rayuwar take.

Ranar Lahadi da safe, idan an kai tsakiyar Misa, wato babbar ibadarsu, sai a fito da akwati a ajiye a gaba. Kiɗa ya tashi, sahu bayan sahu mutane su miƙe, tsoho da yaro, kowa ya taka har gaban akwatin ya saka abin da ya sawwaƙa. Kiristocin Hausa baiko suke ce wa wannan kuɗi. Bahaushen birni da ya ji kalmar, zancen aure ne zai faɗo masa a rai, amma a coci sadakar da aka miƙa wa Ubangiji ake nufi. Yawanci ba manyan kuɗi ba ne: naira ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, wasu a dunƙule suke saboda zaman da suka yi a bakin zane.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne inda akwatin ke zuwa bayan an tashi. A ƙa'ida ba mutum ɗaya ke buɗe shi ba. Mutane ne ke zama su ƙirga, su rubuta, su sa hannu, a kai banki, a majami'u da yawa kuma Lahadi mai zuwa a karanta wa jama'a adadin. Wannan ba son ran Fada ba ne. Kundin dokokin cocin na 1983, a doka ta 537, ya wajabta wa kowace faris ta kafa kwamitin kuɗi na mabiya da za su taimaka wa limami wajen kula da dukiya. Daga wannan asusu ake sayen man janareta, a ciyar da Fada, a biya katikis mai koyar da addini, a aika wa dayosis kasonta. Akwai ranakun da kuɗin ba ya ma kwana a Kano: baikon wata Lahadi a watan Oktoba na ayyukan mishan ne a duniya, na Juma'ar da ta gabaci Ista kuwa Ƙasa Mai Tsarki ta Kiristoci ake aika shi. Tun bayan bam ɗin da aka jefa a cocin St. Charles ta Sabon Gari ranar 27 ga Yulin 2014, wanda ya kashe mutum 5 daidai lokacin da ake tashi daga ibada, sha'anin tsaro ma ya zama nauyin da asusun coci ba ya iya kawar wa kai.

Baikon Lahadi dai na cefanen gida ne. Babban kuɗi sai kaka.

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba majami'u ke yin bikin godiyar girbi, su rufe da gwanjon da suke kira baza. Ba rana ɗaya ake yi ba. Tun watanni kafin nan an kafa kwamiti, an buga ambulan an raba wa kowane gida. Yara su yi tasu Lahadin, matasa su yi tasu, mata su yi, maza su yi, sannan a zo babbar rana. Ranar nan sai ka ga layi har waje: wannan ya rungumo doya, wancan yana jan akuya tana turjewa, ga buhun shinkafa a kan saurayi, ga kaji, ga abarba, ga wata ta ɗauko fanka sabuwa fil a kwalinta. Mafi yawansu ba su da ko kunya ɗaya ta gona. Ɗan kasuwa girbinsa ribar shago, ma'aikaci girbinsa albashi, don haka kasuwar 'Yankura ake zuwa a sayo doyar a kawo.

Fada ya sa wa kayan albarka, sai a fita haraba, a kafa rumfuna, a zaunar da shugaban taro da manyan baƙi. Inda Ibo suka fi yawa, da fasa goro ake buɗe taro, kuma nan akwai abin sha'awa ga mutumin Ƙoƙi. Ibo suna da nasu goron na al'ada mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, amma irin wanda kakannin Ƙoƙi suka yi fatauci a kansa, mai ɓari biyu, har yau gworo suke kiransa, sunan da suka ara daga bakin Bahaushe.

Daga nan mai shela ya karɓi lasifika, ciniki ya kankama. A wannan kasuwa ba a neman ragi. Doyar da aka sayo da safe a kan 'yan dubbai, sai a yi ta tayi har ta ninka kuɗinta sau goma ko fiye, wanda ya saya kuma wani lokaci ya mayar da ita a sake sayarwa, ko ya ce a kai wa Fada, ko a ba gwauraye. Ƙungiya na zuga ƙungiya, dangi na zuga dangi, ana shewa, ana guɗa. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya yi alkawari a rubuta, kwamiti kuma ya shafe watanni yana bin bashin. Da kuɗin baza ake yin manyan ayyuka: rufin coci, gidan Fada, ajujuwan makaranta, rijiyar burtsatse.

Amma fa ba kowa ke jin daɗin wannan rana ba, kuma su kansu 'yan Katolika sun daɗe suna wannan muhawara, limamai da mabiya. Idan lasifika ta kira sunan attajiri da adadin da ya bayar aka yi tafi, yaya tsohuwar da ta zo da ƙwai shida a leda za ta ji? Akwai masu ƙin zuwa coci a makonnin nan don gudun kunya. Ga kuma batun inda kuɗin ke tafiya: bulo da kwano sukan cinye kaso mafi tsoka, mai jin yunwa ya samu ragowa. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe shi da kiɗan biki ba. Gini yana da mai yi masa shela. Mara lafiyar da ke kwance a ɗakin haya ba shi da ita.

Wanda ke tuna da shi shi ne wani ɗan akwati da ake riƙewa a bakin ƙofa, lokacin da jama'a ke fita. Na ƙungiyar St. Vincent de Paul ne. A birnin Paris na Faransa aka kafa ta a 1833, wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frederic Ozanam, da abokansa ƙalilan suka soma, bayan an ƙalubalance su da su nuna abin da addininsu ke yi wa talaka a aikace. Wata sista mai suna Rosalie Rendu ce ta nuna musu gidajen matalauta, suka riƙa kai itacen wuta da burodi. Yau ƙungiyar tana cikin ƙasashe fiye da 140, kuma a majami'un Nijeriya da yawa za ka samu reshenta.

Dokokinta guda biyu sun isa a yi nazari a kansu. Ta farko, ba a jira mabuƙaci ya zo ya yi layi. 'Yan ƙungiya ne ke zuwa inda yake, su biyu-biyu, su zauna, su gaisa, su ga halin da ake ciki da idonsu, sannan su koma su tattauna abin da ya dace: mudun garin kwaki ne, ko kuɗin magani, ko kuɗin makarantar maraya, ko cikon kuɗin haya. Asibiti da gidan yari ma suna cikin zagayensu. Ta biyu, a duk taronsu na mako akan zagaya da jaka, kowa ya cusa hannu a ciki, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya saka, ko ma bai saka komai ba. A haraba ɗaya da lasifikar baza, ga wata jaka da ba ta da baki. Ƙa'idar ƙungiyar kuma ba ta yarda a tambayi mabuƙaci addininsa kafin a taimake shi ba.

Sai mata, waɗanda in babu su tukunyar coci ba ta tafasa. A majami'un da ake ibada da Hausa, Zumuntar Mata Katolika ce ke riƙe da wannan fanni, da anko ɗinsu da kiɗan tulunsu. Suna karo-karon wata, wasu rassan suna adashe. In an haihu su ne da sabulu, in an yi rasuwa su ne da girki da zaman makoki, in miji ya mutu su ne ke fara sanin ko akwai hatsi a gidan. Matar cikin birni da ta san gudummawar biki da zumuncin unguwa ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Kuma kada a ɗauka duk 'yan Katolikan Kano baƙi ne daga kudu. A ƙauyukan kudancin jihar, wajen Rogo da Tudun Wada da Sumaila, akwai Hausawa Kiristoci, yawancinsu jikokin Maguzawa. A can godiyar girbi girbi ce ta gaske: damin dawa, tiyar wake, kwandon barkono, daga gona kai tsaye. A 2023 ma, da aka ƙirƙiro dayosis ta Katsina, ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, aka naɗa bishop nata na farko. Irin waɗannan majami'u na karkara ba su da attajiran da za su yi tayin doya, don haka sukan dogara da abin da dayosis da majami'un birni suka tallafa musu da shi.

Wani abin da aikin cocin ya gina ya daɗe da shigowa cikin ganuwa ba tare da an lura ba. A 1948 ne sistocin St. Louis suka zo Kano daga ƙasar Ailan suka buɗe makaranta, kuma sakandarensu ta 'yan mata da ke Bompai ta yaye 'ya'yan Musulmi masu yawa, waɗanda yau likitoci ne da malamai da iyayen gida.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lissafin ya ƙara tsanani a kowane ɓangare. Masu ƙwanƙwasa ƙofa sun ƙaru, kuɗin da ke cikin akwati kuwa ba ya sayen abin da yake saya a da. Wanda jiya yake sakawa, yau shi ake rubuta sunansa a littafin masu karɓa. A 2025 azumin Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, azumin Kiristoci na kwana 40 kuma ya soma ranar 5 ga watan, Larabar da suke shafa toka a goshi. Makonni kusan huɗu aka yi ana dama kunu ana suyar ƙosai a zaurukan Ƙoƙi don masu buɗa baki, a daidai lokacin da iyalai a Sabon Gari ke rage cefane suna tara abin da suka rage a ambulan ɗin azumi, wanda hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta dayosis ke amfani da shi wajen ayyukan jinƙai. Masu sayen gero na ɓangarorin biyu kuwa a kasuwar Dawanau suke haɗuwa, farashi ɗaya ake gaya musu.