Jado: likitan yara da agogon hannu

A Cirfa, cibiyar ƙaramar hukumar Jado cikin gundumar Bilma, idan yaro ya kwana da masassara yana shessheka, malamin asibiti na da hukunci mai nauyi a gabansa: ya riƙe shi nan, ko ya ɗora shi a mota. Hanyar Segedin zuwa Dirku da Bilma rairayi ce. Ta Agadas kuwa ɗaruruwan kilomita ce cikin Tenere, babu kwalta. Tun da aka gano zinariya a yankin a 2014, fatake da direbobi da yawa sun san wannan hanya, sun kuma san abin da take ci.

A ƙasashen yankinmu masu aiki da Faransanci, bayan mutum ya kammala karatun likita, kamar wanda ake yi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sai ya ƙara shekara 4 kafin a kira shi ƙwararren likitan yara. Galibin waɗannan shekaru a manyan asibitoci yake yin su, inda akwai gwajin jini, hoton ƙirji da malami a kusa. Horo ne mai kyau. Sai dai yaron Jado ba ya isa can da wuri.

Abin da ya dace da irin wannan wuri yana cikin tsarin PCIME, wanda hukumomin OMS da UNICEF suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Kayan aikinsa ido ne da hannu da agogo. Ana ƙirga numfashi na minti ɗaya: 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Damtsen da bai kai milimita 115 ba na nuna tamowa mai tsanani. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ana ba shi maganin farko a tura shi nan take. Mai zawo kuwa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki sukan wadatar da shi a gida.

Wannan aiki, tare da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara da kyautar magani ga ƴan ƙasa da shekara 5 da aka zartar a 2006, ya taimaka wajen rage mutuwar yara a Nijar daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Saboda haka ya kamata ɗalibin ƙwarewa ya yi wasu watanni a gunduma irin ta Bilma, ya koyi horar da malaman asibiti da ungozomomi, da adana allurar rigakafi cikin zafin Kawar. Ya kuma koyi sauraron uwa ta bakin tafinta, domin a Cirfa da Tubanci ko Barbarci za ta faɗa masa yaushe ciwon ya fara.